Tasirin Kuɗin Ƙira da Ingancin Gilashi a kan Farashin Madubin Hangen Nesa

1.0 Gabatarwa

A jikin kowane madubin hangen nesa mai ido biyu akan tarar da lambobi, misali 8x42. Lambar farko tana nuna cewa zai jawo abu kusa har ninki 8, ta biyun kuwa faɗin gilashin gaba ce, wato milimita 42. Abin lura shi ne, madubai biyu masu lamba ɗaya sukan bambanta a farashi ninkin ba ninkin. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tsadar tana cikin abubuwan da idon mai saye ba ya gani.

2.0 Firizim

Gilashin gaba yakan kawo hoto a kife. Don a miƙar da shi ake sanya wani curin gilashi mai kusurwoyi, wanda ake kira firizim. Iri na farko shi ne na Ignazio Porro, mutumin Italiya, wanda ya yi rajistar dabararsa a 1854. Kamfanin Carl Zeiss da ke Jena a Jamus ya fara sayar da madubai a kan wannan tsari a 1894. Madubin Porro yana da faɗin kafaɗa, ga nauyi, amma ƙirarsa ba ta da wuya ƙwarai.

Iri na biyu shi ne firizim mai rufin ɗaki, wanda yake ba madubi miƙaƙƙiyar siffa mai daɗin riƙo. A nan kuɗi suke shiga. Fuskoki biyu na rufin dole su haɗu a kan digiri 90, kuma a madubi nagari kuskuren ba ya kai kashi ɗaya cikin dubu na digiri, in ba haka ba hoto ya ninku. Bayan wannan, haske yakan rabu biyu a kan rufin ya sake haɗuwa ba daidai ba, abin da yake rage kaifin hoto. Sai a 1988 Zeiss ya fito da shafen da ke gyara wannan aibi. Saboda haka, idan kuɗi kaɗan ne a hannu, sau da yawa madubin Porro ya fi mai rufin ɗaki nuna abu tangaran, duk da cewa kasuwa ta karkata ga na biyun.

3.0 Shafe da Daidaitawa

Duk fuskar gilashin da ba a shafe ta ba tana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata. Idan madubi yana da fuskoki 12, kusan kashi 40 ya salwanta ke nan kafin ya isa ido. Alexander Smakula ne ya samar da shafen rage wannan asara a 1935. Madubai mafiya inganci a yau suna wuce da fiye da kashi 90, domin ana yi wa kowace fuska shafe hawa-hawa a cikin injin da aka zuƙe iskarsa. Masu araha kuwa wani lokaci fuskokin waje kawai ake shafewa, inda mai saye zai ga ƙyalli.

Saura aikin hannu. Wajibi ne bututu biyun su dubi wuri ɗaya daidai wa daida. In sun saɓa ko kaɗan, mai kallo zai kwashi ciwon kai. Ƙwararren ma'aikaci ne yake wannan saiti, kuma ladansa a Jamus ko Ostiriya ya fi na takwaransa a ƙasar Sin nesa ba kusa ba. Wannan ya sa wani kaso na farashin manyan madubai albashi ne da suna, ba ƙarin haske ba.