Dogon Hutu, Cikar Kogi da Ɗalibi Mai Shirin Gasar Iyo: Yaya Za a Raba Lokaci?

Masu iya magana sun ce zumunci a ƙafa yake. Su ne kuma suka ce ba a tauna taura biyu lokaci guda. Waɗannan karin magana biyu sukan haɗu a gidan duk ɗalibin da ya yi fice wajen iyo, har malamin wasanni ya sanya shi cikin masu shirin gasa. Da zarar an ba da dogon hutu, mahaifi zai so yaro ya bi 'yan'uwansa su je gaida kakanni, ko ya kama masa aikin gona. Shi kuwa malami so yake kada yaron ya yi fashin horo ko da na kwana ɗaya. Yaro na tsakiya, ga biyayyar iyaye, ga burin zuciya. Tambayar ita ce, me jiki ke asara idan aka bar iyo na mako ɗaya ko biyu? Kuma me ya kamata a fi jin tsoro a ƙasar Haɗeja a wannan lokaci na shekara? Kimiyya tana da amsa, kuma amsar za ta kwantar wa kowane ɓangare hankali.

Hutun da ya zo daidai da cikar kogi

Dogon hutun makarantun Nijeriya yakan fara ne daga ƙarshen watan Yuli, ya kai cikin Satumba. A ƙasar Haɗeja wannan shi ne tsakiyar damina, domin a watan Agusta ne ruwan sama ya fi sauka. A lokacin ne manomi ya fi bukatar hannu: ga maimai, ga korar jan-baki daga gero da shinkafa, ga shirin girbi. A lokacin ne kuma kogi ke batsewa.

Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa. Yakan biyo ta Wudil da Ringim, ya iso Haɗeja, sannan ya bazu cikin fadamu ta wajen Kiri Kasamma da Guri har zuwa Nguru. Daga bisani ruwansa ya haɗu da na kogin Jama'are kusa da Gashuwa, su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Madatsun ruwa biyu ne manya a samansa: ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa, wadda aka kammala a 1992. Saboda haka ruwan da ke wucewa ta Haɗeja ba na saman garin kaɗai ba ne. Ana iya kwana babu ko yayyafi, a wayi gari kogi ya ƙaru, domin an yi ruwa mai yawa a ƙasar Kano ko madatsun sun cika sun tumbatsa. Ambaliyar 2020 da ta 2022, waɗanda suka cinye gonaki da gidaje a sassa da yawa na Jihar Jigawa, shaida ce a kan haka.

A ɗaya gefen kuma, gasannin matasa sukan faɗo kusa da ƙarshen hutun. Gasar Wasannin Matasa ta Ƙasa, wadda aka fara a Abuja a 2013, Jami'ar Ilori ta karɓi baƙuncinta shekaru da dama, sannan Asaba ta karɓa a 2023, galibi cikin Satumba ake yin ta, kuma iyo yana cikin wasanninta. Ke nan makonnin shiri su ne daidai makonnin hutu. Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka, inda unguwanni ke da ƙungiyoyin iyo na yara masu fafatawa cikin Yuni da Yuli, iyaye kan sha kai-komo tsakanin ranar gasa da ranar tafiyar iyali. Bambancinmu da su shi ne, yaronsu a kwamin iyo da aka gina yake horo, namu kuwa mafi yawa a kogi da kududdufi ya koya.

Ba mu rasa gadon gasar ruwa ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016, ya ƙunshi tseren iyo da na kwale-kwale da nutso. Amma a lura, da rani ake yin sa, bayan ruwa ya janye ya kwanta. Magabata sun san lokacin wasa da kogi, sun kuma san lokacin ba shi hanya.

Abin da jiki ke rasawa idan aka huta

Gwanintar mai iyo kashi biyu ce. Na farko shi ne iyawa, wato yadda hannu da ƙafa da numfashi ke tafiya tare. Wannan a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake zaune, kuma yana daɗewa ƙwarai. Shi ya sa dattijon da ya shekara ashirin bai hau keke ba zai hau ya tuƙa. Na biyu shi ne juriya, wato ƙarfin zuciya da huhu da tsoka wajen ɗaukar iskar oksijin da sarrafa ta. Wannan shi ne ke raguwa idan aka daina horo.

Yadda abin ke faruwa shi ne: cikin kwanakin farko ruwan jini kan ragu kaɗan, sai jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu ya ragu, dole ta ƙara saurin bugawa kafin ta yi aikin da ta saba. Daga baya sinadaran da ke taimaka wa tsoka ƙona abinci su ma su ragu, haka nan sukarin da tsoka ke ajiyewa domin aiki mai tsanani.

Masana sun auna wannan raguwa. A 1984 Edward Coyle da abokan aikinsa a Amurka sun bi diddigin ƙwararrun 'yan wasa da suka daina horo ɗungurungum. Sun tarar iyakar iskar oksijin da jikinsu ke iya amfani da ita ta ragu da kimanin kashi 7 cikin ɗari a makonni uku na farko, ta kai kimanin kashi 16 cikin ɗari bayan makonni takwas. A 1987 kuma, a Jami'ar Ball State ta jihar Indiyana, masana da suka haɗa da David Costill sun raba ɗalibai masu gasar iyo rukuni-rukuni na tsawon makonni huɗu. Waɗanda suka rage horo zuwa sau uku a mako sun riƙe juriyarsu da kyawun salon iyonsu, ko da yake ƙarfin jan ruwa da hannu ya ɗan sauka a dukkan rukunonin. Binciken Robert Hickson na farkon shekarun 1980 ya ƙara haske: mutum zai iya rage yawan kwanakin horo sosai bai rasa juriya ba, muddin bai rage ƙwazon da yake sawa a ranakun da ya fita ba.

Darasi uku za a ɗauka a nan. Na ɗaya, hutun mako guda asararsa ƙanƙanuwa ce, kuma tana dawowa da sauri. Na biyu, asara mai nauyi tana zuwa ne idan aka shafe wata ɗaya ko biyu babu motsi. Na uku, horo kaɗan mai ƙarfi ya isa ya tsare abin da aka tara. Hasali ma, masu horar da manyan 'yan iyo na duniya da gangan suke rage yawan horo mako ɗaya zuwa uku kafin babbar gasa, domin tsoka ta murmure. Saboda haka yaron da ya bi iyayensa ziyarar kwana bakwai ko goma bai yi asarar shekararsa ba.

Inda haɗarin gaske yake

Abin tsoron shi ne yaro ya ji cewa an bar shi a baya, ya ce bari ya rama a duk ruwan da ya samu. Akan ce gwanin iyo shi ruwa kan ci, kuma lissafi ya gaskata wannan magana. Ruwa ya fi iska nauyi sau ɗari takwas ko kusa da haka. Ƙarfin da yake tura jiki da shi kuwa ba daidai da saurinsa yake ƙaruwa ba: idan saurin ruwa ya ninka sau biyu, turinsa zai ninka sau huɗu, idan ya ninka sau uku, turin ya ninka sau tara. A 2009 César Cielo ɗan ƙasar Burazil ya yi mita 50 cikin daƙiƙa 20.91, wato kimanin mita 2.4 a kowace daƙiƙa, kuma a ruwa mai tsayuwa, na ɗan lokaci ƙalilan. Yaro ɗan sakandare bai kai ko kusa da wannan ba, kuma yana gajiya, kogi kuwa ba ya gajiya. Ga shi ruwan ambaliya jajir yake, ba a ganin ƙasa. A cikinsa akwai kututture da shingen gona da ramukan da aka haƙi ƙasar gini da tsohuwar koma da saiwoyin kachala.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma yara da matasa suna da kaso babba a ciki. Wannan ne ya sa tun a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yuli ta zama ranar faɗakarwa kan hana nutsewa a ruwa. Ranar ta zo daidai da farkon hutunmu.

Haɗari na biyu ba ya kisa nan take, amma yana cin jiki a hankali, shi ne tsargiya. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar da ke haddasa ta a birnin Alƙahira a 1851. Mai ɗauke da cutar idan ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar sai su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wata irin ƙaramar katantanwa, su hayayyafa. Bayan 'yan makonni su fito dubbai, su huda fatar duk wanda ke cikin ruwan, kuma sun fi fitowa da tsakar rana, lokacin da yara suka fi son wanka. Tsutsar takan girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta su ne ke sa fitsarin jini. Katantanwar ta fi son ruwa maras gudu mai ciyayi, irin wanda kachala ta toshe a magudanan fadamar Haɗeja da Nguru. Ga mai shirin gasa, ƙarancin jinin da tsargiya ke jawowa ya fi hutun mako biyu rage masa juriya nesa ba kusa ba. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ne kamar yadda wasu ke zato. Ciwo ne, kuma yana da magani mai suna praziquantel da ake samu a asibiti.

Yadda za a raba lokaci

Da sanyin safiya ake kama fara. Tun kafin a rufe makaranta ya kamata malamin wasanni ya je ya gaida mahaifin ɗalibi, ya sanar da shi ranar gasa da makonnin da suka fi muhimmanci. Iyaye ba su cika ƙin abin da aka zo musu da shi cikin ladabi kuma a kan kari ba. Abin da ke ɓata musu rai shi ne a tsara wa ɗansu lokaci ba da saninsu ba.

Idan da hali, a sanya tafiyar iyali a farkon hutu ko bayan gasa, a bar makonni uku ko huɗu na ƙarshe domin shiri. Idan kuwa tafiyar ta zama dole, kamar ta biki ko ta'aziyya ko duba maras lafiya, to yaro ya tafi da zuciya ɗaya. Gasa tana dawowa baɗi, kaka kuwa ba a da tabbacin a same ta baɗi.

A can inda aka je, horon tudu ya wadatar. Sau uku a mako, yaro ya yi gudu na minti ashirin zuwa talatin da sassafe, yana sa sauri yana sassautawa, ya yi tsallen igiya, ya ɗaura tsohon tub na keke a jikin bishiya yana ja kamar yadda yake jan ruwa. Aikin fartanya ma yana ƙarfafa baya da kafaɗa, sai dai ba ya sa zuciya bugawa irin na gudu, don haka ba ya maye gurbinsa. Bayan an dawo kuma, kada a nemi rama abin da ya wuce cikin kwana biyu. A fara a hankali, domin gaggawa ita ke jawo ciwon kafaɗa.

Game da shiga ruwa, ƙa'idojin ba su da yawa, amma ba a sassauta su. Ba a iyo a kogi lokacin cikarsa. Ba a iyo mutum ɗaya, kuma ba a yi sai da babba wanda ya iya ceto a tsaye a gaɓa. Ba a faɗawa ruwan da ba a san zurfinsa ba, musamman a garin baƙunta. A tambayi Sarkin Ruwa ko masuntan wurin. Idan wani ya nutse, a miƙa masa gora ko sanda ko igiya, ko a jefa masa jarka mai murfi, kada yaro ya faɗa ya bi shi.

Kira ga malamai

Malami ya tuna cewa amanar ɗalibi ta fi lambar yabo. Kada a tsorata yaro da cewa za a cire shi daga cikin 'yan wasa don ya bi iyayensa tafiya, domin irin wannan tsoro ne ke tura shi cikin kogi a ɓoye. Malamin kimiyya kuma yana da darasi a shirye: ɗalibai su ƙirga bugun zuciyarsu na minti ɗaya da safe kafin su tashi daga shimfiɗa, su rubuta kullum tun daga farkon hutu har ƙarshensa, su kawo a zana jadawali a aji, a kwatanta na waɗanda suka motsa jiki da na waɗanda suka zauna. Da agogo da fensir kawai za su ga da idonsu abin da masana suka auna a ɗakunan bincike.

A taƙaice, juriyar da aka rasa a hutun kwana goma ana mayar da ita cikin 'yan makonni. Ran da kogi ya ɗauka kuwa ba ya dawowa. Iyali su tsara tafiyarsu, malami ya tsara horonsa, a bar kogin Haɗeja ya gama cikarsa ya kwanta. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya sa a yi hutu lafiya a koma aji lafiya.