Fandeshan Mai Daɗewa da Wankin Fuska ga Fata Mai Laulayi

Fandeshan mai daɗewa shafi ne na kwalliya da ake yi wa fuska don daidaita launinta da rufe tabo, wanda aka haɗa shi yadda zai wuni bai goge ba, ko an yi gumi ko maiƙo ya taso. Kamfanoni kan rubuta awa 16 ko awa 24 a jikin kwalbarsa. Abin da ke sa shi manne wa fata shi ne kuma ke sa shi wuyar fita, kuma a wurin fitar da shi ne fata mai laulayi ta fi wahala. Saboda haka zaɓen fandeshan da zaɓen abin wanke shi magana ɗaya ce, ba a yanke ɗaya a bar ɗaya.

Fata mai laulayi ita ce wadda ke yin raɗaɗi, ko zafi, ko ƙaiƙayi, ko ɗaurewa idan ta haɗu da abin da ba ya damun yawancin mutane, kamar sabulu, turare, iska mai sanyi ko ruwan zafi. Sau da yawa ido ba ya ganin komai, mai fuskar ce kaɗai ke ji. A fata mai duhu ma jan da ke nuna kumburi ba ya fita sosai. Sai dai wurin ya yi duhu ko ya yi toka-toka, daga baya ya bar baƙin tabo da kan ɗauki watanni kafin ya washe. Wannan ya sa ɗan kumburin da farar fata za ta manta da shi cikin kwana biyu yake da tsada ga baƙar fata.

Tushen matsalar yana saman fata. A can akwai wani siririn shimfiɗi na matattun ƙwayoyin halitta, wanda a yawancin jiki kaurinsa bai wuce kashi 1 cikin 50 na milimita ba. Masana kan kwatanta shi da ginin tubali: ƙwayoyin su ne tubalan, wasu nau'o'in kitse kuma, musamman seramid da kolestarol, su ne lakar da ta riƙe su. Aikin wannan shimfiɗi shi ne hana ruwan jiki ƙafewa da hana abin waje kutsawa. Idan kitsen ya ragu, ruwa ya tsere, fata ta bushe, sinadarai kuma su samu hanyar isa ga jijiyoyin da ke jin zafi. Wasu da haka aka haife su, kamar masu ekzima. Wasu kuma da hannunsu suka jawo, ta yawan dirza fuska ko ta man bilicin. Mayukan bilicin da ke ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi suna sirantar da fata, har ta kai ruwa zalla ma yana yi mata zafi, kuma babu fandeshan ko sabulun da zai zauna lafiya a kan irin wannan fuska sai an daina shafa man, bisa shawarar likita.

Fandeshan na zamani ya samo asali ne daga masana'antar fim ta Amurka. A ƙarshen shekarun 1930 kamfanin Max Factor ya fito da Pan-Cake don 'yan wasan fim mai launi, daga nan ya shiga kasuwa. Nau'in mai daɗewa kuwa ya yaɗu ne a shekarun 1990, lokacin da Revlon ya fito da ColorStay, Estée Lauder kuma ya fito da Double Wear a 1997. Dabarar kusan ɗaya ce har yau. Ana zuba garin launi a cikin wani ruwa mai saurin tashi, galibi silikon mara nauyi ko wani siririn mai da ake kira aisododiken, tare da wani ƙaro na silikon. Da an shafa, ruwan ya bi iska cikin mintuna kaɗan, ƙaron ya rage a kan fata ya zama wata 'yar fata ta biyu mai lanƙwasuwa, wadda ta riƙe launin, ruwa kuma ba ya narkar da ita. Launin kansa yana fitowa ne daga tsatsar ƙarfe da aka tace, ja da rawaya da baƙa, da wani farin gari mai suna taitaniyam dayoksaid.

Waɗannan manyan sinadarai ba su cika tayar da fata ba. Silikon yana daga cikin abubuwan da fata ta fi jurewa, har ana sa shi a magungunan tabo da mayukan jarirai. Tsatsar ƙarfen ma tana da wani amfani da ya wuce kwalliya: tana tare hasken rana da ido ke gani, wanda bincike ya nuna yana ƙara duhun tabo a fata mai duhu. Masu laifin galibi ƙananan abubuwa ne da ke can ƙasan jerin kayan haɗi. Na farko turare, wanda shi ne kan gaba wajen jawo borin fata daga kayan kwalliya. Na biyu magungunan hana kaya lalacewa. Ɗaya daga cikinsu, metilaisotayazolinon, ya addabi mutane da yawa a Turai har Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan da ake shafawa a bari a jiki tun daga 2017. Na uku alkohol, wanda ake ƙara wa wasu nau'o'in don su bushe da sauri, kuma shi ne kan sa raɗaɗi nan take a fatar da ta riga ta tsage.

Rubutun da ke gaban kwalba ba abin dogaro ba ne sosai. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana cewa babu wani ma'auni na doka da kaya zai cika kafin a rubuta masa cewa ba ya jawo bori; kamfani ne ke yanke wa kansa. Haka da'awar cewa ba ya toshe ƙofofin fata. Jerin kayan haɗi da ke bayan kwalba ya fi gaskiya, domin ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma idan akwai turare za a ga parfum ko fragrance. Kaya na iya zama ba shi da ƙamshi amma yana da turaren da aka sa don ɓoye warin sinadarai. Man itatuwa masu ƙamshi, irin su na lemo da na'a-na'a, su ma turare ne a wurin fata, ko da an kira su na gargajiya.

Batun wanki ya fi na shafi nauyi. Saman fata yana da ɗan tsami, tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin pH, wanda ke tashi daga tsami zuwa ɓangaren kanwa, 7 kuma ita ce tsakiya. A cikin wannan ɗan tsamin ne fata ke ƙera kitsenta, kuma a cikinsa ne ƙwayoyin cuta da yawa ke kasa yaɗuwa. Sabulu na ainihi, wanda ake dafa mai da soda ko toka, yana kai 9 zuwa 10. Sabulun salo ma a wannan ɓangare yake, duk da farin jininsa da kyawun kayan da ake yin sa da su. Irin wannan sabulu yana wanke datti, amma yana kwashe kitsen fata tare da shi, yana kumbura ƙwayoyin saman fata, kuma fata kan ɗauki sa'o'i kafin tsaminta ya dawo. Ɗaurewar da ake ji bayan wanka, wadda wasu ke ɗauka alamar tsabta ce, alamar asara ce.

Abin wanke fuska mai sauƙi ba sabulu ba ne a ilimin sinadarai, ko da ya zo a dunƙule. Ana yin sa ne da wasu sinadaran wanki da za a iya daidaita tsaminsu da na fata. Cetaphil, wanda wani mai haɗa magunguna ya ƙirƙira a Texas a 1947, da Dove da ya shiga kasuwa a 1957, suna cikin na farko-farko da suka yi suna. Nagarin abin wanki ba shi da turare, ba shi da ƙwayoyin dirza, kumfarsa kaɗan ce, kuma yakan ƙunshi gilisarin ko seramid. Yawan kumfa ba shi ne ƙarfin wanki ba. Ɗaya daga cikin sinadaran da ke ba da kumfa sosai a kayan wanka, sodiyam loril salfet, shi ne masu bincike ke shafa wa fata da gangan idan suna so su tayar da ita a gwaji.

Sai dai abin wanki mai sauƙi shi kaɗai ba ya iya fandeshan mai daɗewa, tunda an yi fandeshan ɗin ne don ya bijire wa ruwa. A nan mutane da yawa ke ɓata lamarin: su ga bai fita ba, su ƙara dirza, su sa tawul ko soso, ko su koma ga sabulu mai ƙarfi, washegari fuska ta tashi, a ɗora wa fandeshan laifi. Maiƙo ne ke narkar da maiƙo. Hanyar da ta fi dacewa ita ce wanki biyu, wadda ta shahara daga Japan da Koriya. Da farko a shafa man wanke kwalliya a busasshiyar fuska da busasshen hannu, a murza a hankali na kamar minti ɗaya har launin ya saki. Irin wannan mai yana ɗauke da sinadarin da ke haɗa shi da ruwa, shi ya sa yake komawa fari idan aka jiƙa shi, ya bi ruwa ya tafi. Sannan a bi da abin wanki mai sauƙi, da yatsu kawai, da ruwa mai ɗumi-ɗumi. A dannanna tawul mai laushi ba tare da gogewa ba, a shafa mai tun fuska da sauran danshi. Ruwan misela, wani ruwan goge kwalliya da kamfanin Bioderma na Faransa ya yaɗa a shekarun 1990, yana iya maye gurbin man, amma audugar da ake gogawa da ita tana iya damun fata, kuma gara a ɗauraye bayansa. Ƙyallayen goge kwalliya na cikin leda su ne mafi rauni: gugarsu ta yi yawa, kuma suna barin maganin hana lalacewa a kan fuska.

Ga mace Musulma akwai ƙarin lissafi. Malamai sun yi bayani cewa duk abin da ya hana ruwa taɓa fata sai an cire shi kafin alwala, kuma fandeshan mai daɗewa don hana ruwa aka yi shi. Cirewa da mayarwa sau uku ko huɗu a yini wahala ce babba ga fata mai laulayi, komai sauƙin abin wankin. Wadda ke cikin wannan hali ta fi samun sauƙi da fandeshan mara nauyi da ke fita da wanki ɗaya, ta ajiye mai daɗewan don biki.

Kafin sabon kaya ya hau fuska, ana gwada shi a ɗan wuri. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ba da shawarar a shafa shi a wuri ɗaya, kamar cikin gwiwar hannu, sau biyu a rana har kwana 7 zuwa 10. Dalilin tsawon shi ne tashin fata iri biyu ne. Akwai wanda sinadari ke cin fata kai tsaye, wanda kan bayyana cikin mintuna ko sa'o'i. Akwai kuma bori, inda garkuwar jiki ce ke ƙin sinadarin, shi kuma yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya fito, wani lokaci ma sai bayan an daɗe ana amfani da kayan lafiya. Fandeshan ana barin sa a wurin gwajin kamar yadda za a bar shi a fuska. Abin wanki kuwa a bar shi 'yan mintuna a ɗauraye. Idan hannu ya karɓa, sai a matsa zuwa gefen muƙamuƙi, domin fuska ta fi hannu laulayi. Kaya ɗaya ake gwadawa a lokaci guda. Wadda ta sauya fandeshan da sabulu da man shafawa a mako ɗaya, idan fuska ta tashi, ba ta da hanyar gane mai laifi. Ya fi kyau a fara da abin wankin, a ba fata mako biyu ta zauna, sannan a kawo fandeshan.

Launi kuma a muƙamuƙi ake duba shi, a hasken rana, bayan ya bushe, domin mai daɗewa yakan ɗan yi duhu idan ruwansa ya tashi ya kuma haɗu da maiƙon fuska. Wanda farin garinsa ya yi yawa yakan sa baƙar fata ta yi toka-toka, musamman a hoto. Zaɓi ya faɗaɗa tun 2017, lokacin da Fenty Beauty na mawaƙiya Rihanna ya fito da launuka 40, sauran kamfanoni suka bi sahu. Lambar kariya daga rana da ake rubutawa a wasu kwalabe ba ta isa a dogara da ita ba, domin ana auna ta ne da shafi mai kauri, miligiram 2 a kowane murabba'in santimita, wanda babu mai kwalliyar da ke shafa fandeshan haka.

Yanayi ma yana sauya hukunci. Fandeshan da ya zauna daram a zafin bazara yana iya tsattsagewa a kan fuska da hunturu, lokacin da iska ta bushe, fata ke neman ƙarin mai a ƙarƙashi da ragin wanki, har wankin safe ya koma ruwa zalla. Tsabtar kayan aiki tana da nata rabo: soson kwalliya mai danshi matattarar ƙwayoyin cuta ne, kuma wanda mai kwalliyar biki ta yi wa fuska goma aiki da shi bai dace da fata mai laulayi ba. Hoton buɗaɗɗen gwangwani mai 6M ko 12M a jikin kwalba yana nuna watannin da kaya zai yi bayan an buɗe shi. A Najeriya lambar rajistar NAFDAC tana cikin abin dubawa, ganin yadda jabun manyan sunaye suka yi yawa a kasuwa, kuma jabu jerin kayan haɗinsa ba ya nufin komai.

Idan fuska ta tashi, ana dakatar da duk kwalliya, a tsaya ga abin wanki mai sauƙi da mai mara turare har ta lafa. Kumburin fatar ido ko leɓe, ƙuraje masu ruwa, ko ƙaiƙayin da ya wuce mako bai ragu ba, na likitan fata ne. Likita na iya manna ƙananan faci masu ɗauke da sinadarai daban-daban a gadon baya na awa 48, ya duba wurin bayan an cire, ya sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Da wannan gwaji ake gano ainihin sinadarin da jiki ya ƙi, a rubuta wa mai fuskar sunansa don ta riƙa nemansa a bayan kowace kwalba kafin ta saya.