Gajiyar da barci ba ya korewa: matsalar masu gudun asuba a Madawa, Buza da Keita

Bayan sallar asuba, gefen babbar hanyar da ta ratsa Madawa daga Ƙonni zuwa Maraɗi ba ya rabo da samari masu gudu. Haka a kan duwatsun Buza da Keita. Wasu shirin jarrabawar shiga soja ko jandarma suke yi, wasu ƴan kokowa ne masu neman dogon numfashi, wasu kuwa sha'awa ce kawai. Babu mai biyan su. Akwai kuma wanda za a gani wata huɗu a jere bai yi fashi ba, sai kwatsam a daina ganin sa. Ba rauni ya ji ba. Ƙafa ce ta yi nauyi, zuciya kuma ta ƙi.

Abokai kan ce ragwanci ne. Masana wasanni suna da wani bayani daban. Tun 1997 wani mai bincike ɗan Amurka, Thomas Raedeke, ya nuna cewa wannan ƙosawa tana da fuska uku: gajiyar jiki da ta rai, jin cewa duk wahalar ba ta haifar da komai, sannan fitar wasan daga ran mutum gaba ɗaya. A 2013 kuma manyan ƙungiyoyi biyu na ilimin wasanni, ta Turai da ta Amurka, suka fitar da matsaya guda a kan wuce gona da iri wurin horo. Gajiyar da ke wucewa bayan hutun ƴan kwanaki ba laifi ba ce, da ita ma jiki ke ƙara ƙarfi. Wadda ta ɗauki makonni ta fara ɓarna. Idan aka ci gaba da matsawa, ana iya shafe watanni kafin mutum ya koma yadda yake.

Dalilin a fili yake: ba a kan hanya jiki ke ginuwa ba, a lokacin hutu ne. Gudu yana ɗan raunata tsoka, abinci da barci su gyara ta. To a nan gizo ke saƙa. Ƙwararren ɗan tsere idan ya gama horo kwanciya yake. Saurayin Madawa da ya yi kilomita 10 da asuba, daga nan fadama zai wuce ban-ruwan albasa, ko tasha dako, ko aikin gini. Jiki ba ya bambanta gudu da ɗaukar buhu, duka lissafi ɗaya yake musu. A haɗa da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da daren da ba a iya barci a ɗaki, da karin kumallon da bai wuce shayi da biredi ba.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Tazarar da aka saba ci cikin sauƙi ta zama aiki. Barci ya ƙi zuwa duk da gajiya. Abinci ya fita rai, mura ta yi ta dawowa, mutum ya riƙa faɗa a gida kan abin da bai kai ya kawo ba. Akwai awo ɗaya da ba ya cin ko dala: ƙirga bugun zuciya na minti guda da farkawa, kafin a tashi daga shimfiɗa. Idan ya hau sama da yadda aka saba kwana da kwanaki, jiki ne ke neman a sassauta.

Amma kafin a ce horo ne ya yi yawa, asibiti ya kamata a fara zuwa, domin babu wani awo guda da ke nuna wannan matsala. Sai an kawar da sauran tukuna. Masassarar cizon sauro, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, da ƙarancin jini, duk suna zuwa da irin wannan kasala. Awon jini a CSI ko asibitin gunduma ne ke raba gardama.

Mafi haɗari shi ne maganin da ya fi kusa da hannu, wato tramol. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, ciwo take rufewa, shi kuwa ciwon shi ne ƙararrawar da jiki ke kaɗawa. Tana kama mutum, tana iya jawo farfaɗiya idan aka sha da yawa. Hukumar tseren keke ta duniya ta hana ta a gasanninta tun 2019, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta bi sahu daga 1 ga Janairun 2024.

Wanda abin ya riga ya kama, mafita ba ta da armashi: ya ajiye gudu mako ɗaya ko biyu, ya koma da rabin abin da ya saba, ya bar agogo a gida. Ranar horo mai tsanani kada ta bi bayan ƴar'uwarta, ranar aiki mai nauyi a gona kuma a ƙirga ta a matsayin horo. Hura da nono, wake, gyaɗa da zogale sun wadatar, in dai an ci an ƙoshi, an sha ruwa kafin ƙishi ya matsa. Mai shirin jarrabawa shi ya fi jin tsoron hutu, alhali a makon ƙarshe rage gudu ake yi, ba ƙarawa ba. Haka masu tseren kilomita 42 ke yi tun ana saura mako biyu zuwa uku a fafata.