Mace a tsibirin Tafkin Cadi: ina take ajiye abin hannunta?

Ƴan'uwa mata, yawancinmu a tudu muka tashi. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya, na tabki da damina, sai ko gulbi idan ya kawo. To a gabashin ƙasarmu, cikin jihar Difa, bayan Boso da Ngigmi, akwai mata irinmu da garinsu ruwa ya kewaye shi ko ta ina. Kasuwa sai da kwale-kwale, likita sai da kwale-kwale, ko gaisuwar mutuwa za a je sai an shiga jirgi. Su ne mutanen tsibiran Tafkin Cadi, tafkin da Nijar ta haɗa da Najeriya da Cadi da Kamaru.

Asalin masu wurin Buduma ne, masu farar saniyar nan ta Kuri mai ƙaton ƙaho, wadda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri don neman ciyawa. Amma tun da daɗewa Barebari da Hausawa da wasu ƙabilu sun bi kifi sun zauna, har Hausa ta zama ɗaya daga cikin harsunan kasuwa a can. Kuma Komadugu Yobe da ke zubawa cikin tafkin kusa da Boso, ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are ne, wato daga ƙasar Hausa ya taso.

Abin da zai ba mutumin tudu mamaki shi ne lokacin cikar tafkin. Mafi yawan ruwansa kogin Shari ne ke kawo shi daga kudu mai nisa, kuma kafin ya iso ɓangarenmu damina ta wuce. Sai cikin sanyin hunturu, mu muna nan rijiya na ja da baya, su kuma ruwa na hawa yana cin gonaki da hanyoyi. Idan ya janye sai ya bar laka mai danshi, a shuka masara da wake ba tare da an jira ɗigon ruwan sama ba. A shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi ƙwarai, har ɓangarenmu na arewa ya taɓa bushewa ƙaf a wasu shekaru. Saboda haka wuri guda yana iya zama wurin su bana, gona baɗi, makiyaya a shekara ta uku.

Kun ga inda matsalar dukiya ta fara ke nan. Mu nan gona tana da iyaka, ga gamba, ga itacen da kaka ya shuka, ga shaidu. Can kuwa gonar da kika noma bara tana iya kwana ƙarƙashin ruwa bana, idan ta sake fitowa kuma masunci da makiyayi da manomi kowa na ganin yana da haƙƙi a kanta. Bulama, wato mai gari, shi ke raba wuri, kuma mace ba kasafai ake ba ta da sunanta ba. Gida ma na kara ne da ciyawar ruwa, ba a zuba masa kuɗi sosai tunda ana iya tashi. Sai dukiyar mace ta koma abin da ake ɗauka ko ake korawa: awaki, kwanuka, turamen zane, ɗan zinari idan Allah ya hore, da jarin kifi.

Kifin nan shi ne banda da muke saye a kasuwa mu jefa a miya. Maza ke kamo shi, amma gyarawa da ƙyafewa akwai hannun mata sosai a ciki, a tsaya kan hayaƙi tun safe har ido ya yi ja. A cika kwalaye a kai kasuwanni irin su Doron Lelewa, daga nan ya nufi Baga da Maiduguri har kudancin Najeriya. Shi ya sa naira ta fi sefa yawo a tsibiran. Wannan ma wani rami ne: lokacin da Najeriya ta canza takardun kuɗinta a ƙarshen 2022, sannan naira ta faɗi a 2023, wadda ta ƙulle jarinta cikin naira a ƙasan tukunya ta yi asara ba tare da ɓarawo ya shigo ɗakinta ba. Matan Maraɗi da Birnin Ƙonni ba sai an yi musu bayanin wannan ba.

Ga kuma haɗarin yau da kullum. Wutar ƙyafe kifi kusa da bukkar kara, ga iskar hunturu, gobara ba ta da wuya. Sauro ba a magana. Dorina tana kife jirgi. Mace kuma idan haihuwa ta zo da gardama cikin dare, kafin a samo mai jirgi, a samo mai, a ratsa ciyawar ruwa zuwa gaɓa, sannan a nemi mota, awoyi sun tafi. Matan da suka san wannan sukan ƙaura wajen dangi a tudu tun watan haihuwa bai kama ba, idan akwai halin yin haka.

Amma babban abin da ya girgiza tsibiran shi ne na 2015. A watan Fabrairu na shekarar ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin kifi da na tattasai don kada kuɗin ya faɗa hannun ƴan bindiga. Ranar 25 ga Afrilu suka afka wa tsibirin Karamga, aka kashe sojoji da fararen hula da dama. Bayan ƴan kwanaki hukuma ta ce kowa ya bar tsibiran, aka ba da wa'adin kwanaki kaɗan. Mutum wajen 25,000 suka fito zuwa Ngigmi da Boso, da yawa a ƙasa, tsakiyar bazara, da goyo da tsofaffi. Wasu ƙishirwa ta kashe su a hanya.

Ku tsaya ku yi lissafin wannan tafiya da idon mai gida. Masarar da ke rumbu ba ta ɗaukuwa. Jirgi da koma sun tsaya bakin ruwa. Garken da aka tara shekara da shekaru, wani an kora, wani an bari, wanda ya iso tudu kuma an sayar da shi a wulaƙance tunda kowa sayarwa yake, saniyar Kuri ma ba ta jure zaman tudu. Bashin da mace ke bin abokan ciniki ya watse tare da su. Abin da ya tsira shi ne wanda ya shiga ƙullin zane. Sai kuma takarda: wadda ba ta da katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwar ƴaƴanta ta sha tambaya a shingen jami'an tsaro da wajen rajistar taimako, a lokacin da ake tantance wane ne ɗan Nijar wane ne ɗan Najeriya, ana mai da dubbai can. A tsibiri ba wanda ya taɓa tambayarta takarda, shi ya sa ba ta nema ba.

Sai a watan Maris na 2019 aka ɗage hanin kamun kifi. Wasu sun koma saboda zaman jiran taimako a bakin titi ba rayuwa ba ce, amma komawar tana da nata farashi: ƴan bindiga na karɓar haraji a hannun masunta, ana sace mutane don kuɗin fansa, wanda ya shiga ruwa kuma yana iya fitowa a zarge shi da haɗa baki da su. Ni dai ban ga laifin wadda ta koma ba, ban ga laifin wadda ta ƙi ba.

Me ya kawo wannan labari cikin takardar asusu? Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, akwatin nan mai kwaɗo uku ya tsare mu daga ɓarawon gida da kuma son zuciya, don mai riƙe akwati daban, masu makulli daban. Amma an yi shi ne da tunanin gari yana nan zaune. Ranar da aka ce a tashi cikin kwana uku, ko ruwa ya shigo da tsakar dare kamar yadda ya yi a Maraɗi da Damagaram a daminar 2024, akwati na hannun mace guda, makullai na hannun mata uku da kowace ta bi hanyarta, littafi kuma takarda ne, ruwa na cinsa, wuta na cinsa.

A ganina akwai abubuwan da ƙungiya za ta iya yankewa tun ana zaune lafiya. Kada kuɗi mai yawa ya riƙa kwana a akwati. A fitar da shi bashi, ko a kai wani kaso asusun banki ko na waya da sunan ƙungiya, da sa hannun mutum fiye da ɗaya. A ƙarshen kowane zama a faɗi jimillar kuɗi da sunayen masu bashi da ƙarfi kowa ta ji, kamar yadda iyayenmu da ba su yi lakkol ba suke haddacewa, sannan mai salula ta ɗauki hoton shafin ta tura wa wata amintacciya a wani gari. A kuma yi magana a fili kan bashin wadda masifa ta cinye jarinta: za a ɗaga mata, za a yafe ribar, ko asusun taimako ne zai ɗauka? Wannan magana tana da nauyi, amma ta fi sauƙi yau da ba a san kan wa za ta faɗa ba.

Batun takardu kuwa ba ya buƙatar taro. Katinki, takardun haihuwar yara, katin rigakafi da takardar gona idan akwai, a haɗa su cikin leda mai kauri a ƙulle, a ajiye inda hannu zai kai ko cikin duhu. Wadda ƴaƴanta ba su da takardar haihuwa ta faɗa a zama mai zuwa, a haɗa sunaye a je ofishin magajin gari tare, don tafiyar mutum goma ta fi ta mutum guda samun kunne.