A ƙirga asarar abinci kafin a nemi maganinta

Duk shekara idan tumatirin rani ya nuna a Kadawa, Kura da Bunkure, farashin kwando kan faɗi warwas, har wani manomin ya bar amfaninsa ya ruɓe a gona don kuɗin mota ya fi kuɗin kaya. Da damina ta sauka kuma sai tumatir ya gagari talaka. A 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya ba ya kaiwa bakin kowa. Adadin yana tayar da hankali, amma bai gaya wa manomin Kura inda nasa rabon yake zubewa ba, kuma ciwon da ba a san inda yake ba, ba a san inda za a shafa masa magani ba.

Amfanin tattara alƙaluma ke nan. A ce an rubuta kwando nawa aka loda a kasuwar Kwanar Gafan, nawa suka isa kasuwar Mile 12 a Legas da kyansu bayan tafiyar kusan kilomita 1,000, kwana nawa motar ta yi, a wane wata. Idan lissafin ya nuna a hanya aka fi tafka asara, to laifin kwandon da ake jibgawa bisa juna ne, na ƙasa ya matse, sai a koma akwatin roba. Idan a gona ne, saboda kowa ya dasa a mako guda, maganin shi ne rarraba lokacin dashe da busarwa mai tsabta. Wake kuwa a rumbu ƙwari ke cinye shi, kuma buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana hana su iska ba tare da guba ba. Gwamnatin da ba ta da waɗannan alƙaluma tana iya gina ɗakin sanyi a garin da hanya yake nema.

Wani zai ce manomi ya san asararsa ba sai an zo masa da kwamfuta ba. Ya san ta gonarsa. Bai san ta maƙwabcinsa ba, balle ta jiha. Wani kuma yana tsoron cewa mai takarda da biro ɗan leƙen asirin masu haraji ne, sai ya rage adadin buhunansa. Tsoron ba a banza ya samo asali ba, amma wanda ya ɓoye asararsa shi za a tsallake ranar rabon tallafi. Ƙidayar manoma da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2022 ita ce ta farko cikin kusan shekaru 30. Shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin manoma kada su jira ta gaba: su buɗe littafi tun kakar bana, su riƙa rubuta abin da ya shigo, abin da aka sayar da abin da aka zubar.