Suksametoniyam da Rokuroniyam: Wanne Ya Fi Tausaya wa Zuciya?

Majinyacin da aka ɗauko daga Ambursa zuwa Birnin Kebbi don tiyatar gaggawa, in har za a sa shi barci gaba ɗaya, allurar barci kaɗai ba ta wadatarwa. Sai an bi ta da wata mai sakar da tsoka, sannan a zura masa bututun numfashi ta maƙogwaro. Magunguna biyu ne ke gogayya a wannan gurbi.

Suksametoniyam tsohon hannu ne, tun 1951 ake aiki da shi. Cikin minti ɗaya za ka ga tsokar fuska da yatsu na ɗan rawa, sai jiki ya mutu murus. Kafin minti goma ƙarfinsa ya gushe. Rokuroniyam kuwa sai 1994 ya shigo. In an ba da shi da yawa yana kamawa da kusan wannan saurin, amma yakan haura rabin sa'a bai saki mutum ba.

A zuciya ne suka fi shan bamban. Na farkon yana iya rage bugunta, musamman ga yara ko in an maimaita allurar, shi ya sa likitan sa barci ke ajiye atrofin a gefen hannunsa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yana ɗaga sinadarin fotasiyam a jini. Ga mai lafiya ɗagawar kaɗan ce. Ga wanda ya kwana biyu da mummunar ƙuna, ko mai shanyewar jiki, tana iya tsayar da zuciya cak. Na biyun kuwa da ƙyar yake taɓa bugun zuciya ko hawan jini.

Sai dai shi ma da nasa. In bututu ya ƙi shiga, majinyaci ba zai iya numfashi da kansa ba, kuma sugamadeks, maganin da ke karya rokuroniyam nan take, tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Suksametoniyam ga araha, ga saurin sakin jiki. Shi da rokuroniyam duk suna son firij, ba ƙaramin sharaɗi ba ne a zafin Afrilu na kwarin Rima.

A ganina, ta fuskar zuciya rokuroniyam ne a gaba, amma suksametoniyam bai cancanci ritaya ba inda babu sugamadeks. Kai kuma mai jinya, in ɗan'uwanka ya taɓa ƙonewa, ko yana da shanyewar jiki ko ciwon ƙoda, ko wani a dangi ya taɓa shan wuya da maganin barci, ka faɗa wa likita kafin a shiga ɗakin tiyata.