Abin da ke kashe "indomie" ɗin mota kafin lokacinta

A cikin salansar mota akwai wata na'ura mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wadda makanikai ke kira "indomie". Aikinta shi ne rage gubar hayaƙi, kuma tsadarta ta samo asali ne daga ƙarafa masu daraja da aka shafe cikinta da su.

A Amurka, inda motocin tokunbo da dama ke fitowa, doka ta wajabta wa kamfani ya sauya wannan na'ura kyauta idan ta lalace kafin motar ta cika shekara 8 ko tafiyar mil 80,000. Galibin motocin da ke isowa Najeriya sun haura wannan wa'adi, don haka kuɗin gyaran daga aljihun mai mota zai fito.

Ba kasafai na'urar ke mutuwa haka kawai ba. Filogin da ya gaji yakan bar ɗanyen fetur ya shiga ya ƙone a cikinta har ta narke, injin da ke shan baƙin mai kuwa toshe ta yake yi. Duk wanda ya sa sabuwa bai gyara waɗannan ba, sake biya zai yi.